Takun da Kawu Yake Nema a Faifai

Kuma fa ba ɗaya ba ne. Duk wanda ya ce maka faifai faifai ne in dai kiɗan ɗaya ne, to bai taɓa jera uku a gabansa ya saurara ba. Ni na jera, har yanzu ma suna nan tsaye a akwatin ƙarfe a ɗakina. Kiɗan jaz ne guda ɗaya, mutum huɗun nan dai su ne, rana ɗaya suka yi shi a ɗaki ɗaya can Amurka, amma ɗaya a Ikko aka buga shi, ɗaya a Ingila, ɗaya a Faransa. Ka ɗaure min ido da rawani ka ɗora wanda ka ga dama, kafin mai ƙaho ya ja numfashi na biyu zan faɗa maka wanne ne. Ba makaranta na je na koyo ba. Kawuna ne ya jefa ni wannan rijiya, shi ma ba da niyya ba.

Na ga na fara ta tsakiya. Bari in koma baya.

Kawu wan mahaifiyata ne, direban babbar mota tun zamanin Turawa. Kano zuwa Damagaram yake yi, yana ratsa Kazaure, shi ya sa ma ya ajiye iyalinsa a nan. A Damagaram akwai wani Bafaranshe makanike da yake duba masa mota. Ba sa jin yaren juna sosai, inji ne ya haɗa su. Shekarar da aka ba da mulkin kai, da mutumin zai koma ƙasarsu, sai ya ba Kawu wani ɗan akwatin faifai mai batir da faifai guda ɗaya tak.

Ina da kamar shekara bakwai a lokacin. Abin da na fi tunawa shi ne zauren Kawu bayan la'asar, ranar da ya dawo daga tafiya. Zai yi wanka, ya shimfiɗa buzu, ya goge faifan da gefen sabuwar riga, ya ɗora. Maƙwabta su shigo kallo. Wani dattijo mai sayar da goro ya taɓa jira har kiɗan ya yi nisa, sannan ya ce, "Direba, yaushe mawaƙin zai shigo?"

"Babu mawaƙi."

"To wa ake yi wa?"

"Ba wanda ake yi wa. Hira suke yi tsakaninsu."

Mai goro ya ce in hira ce ai gara tasu ta bakin masallaci, aƙalla ana fahimta. Aka yi dariya, har Kawu. Ni dai ban fahimci komai ba, amma kiɗan ya zauna min a ka. Ina tafiya makaranta ina fito da shi.

Faifan bai yi shekara huɗu a gidan ba. Aka tashi biki a Roni, dangin Inna, matar Kawu, shi kuma yana hanya. Aka aiko aron faifai. Kun san dai yadda yake, ba a hana mai biki aro, ko tabarma ce ko tukunya. Inna ta ɗauka ta bayar. Su kuma can tsohon garmaho ne da su, wanda ake murɗawa da hannu, mai allurar ƙarfe kamar ƙusa, wanda aka yi don tsofaffin faya-fayan nan masu kauri. Suka ɗora na Kawu a kai kwana uku. Da ya dawo ya yi fari fat kamar an shafa masa toka, in an ɗora sai ka ji kamar ruwan sama a kan kwano. Kwalinsa ma bai dawo ba, an ce an yi fifitar wuta da shi. Kawu ya juya shi a hannu, ya ce, "Abin biki ne." Daga baya yaran gidan suka yi gare da shi.

To ka ga babu suna, babu kwali, babu komai. Sai fito kawai a bakina da bakin Kawu.

Shekaru suka wuce, na gama kwalejin malamai, aka tura ni koyarwa Gwiwa. Sai ga lokacin nan da man fetur ya yi kuɗi aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi a dunƙule. Duk wanda ya shaida lokacin ya san yadda garin ya koma. Kowane malami da sabon babur, kowane akawu da rediyo mai eriya kamar sandar makiyayi. Ni ma na sayi babur, amma na haɗa da akwatin faifai mai lasifika biyu na katako. Ranar da na kawo shi gida mahaifiyata ta ce ta ɗauka keken ɗinki ne, har ta fara murna.

Kusa da tashar Kazaure akwai wani mai gyaran rediyo, ɗan kudu ne, ya daɗe a garin har Hausarsa ta nuna. Oga muke ce masa, shi kuma ya ce min Ticha. Yana saro faya-fayai daga Sabon Garin Kano. Na je na ce ina neman wani faifai.

"Sunansa?"

"Ban sani ba."

"Wa ya yi?"

"Ban sani ba."

"Ticha, haka kake koya wa yaran mutane?"

Sai na tsaya a tsakiyar shagon, gaban masu jiran rediyonsu, na yi masa fito. Ya yi dariya har ya ajiye abin lika waya. Amma ya ce in sake, na sake, ya riƙe. Bayan mako uku ya tare ni a hanya, ya ce ya yi wa wani tsoho a Sabon Gari irin fiton, tsohon ya shiga ciki ya fito da shi. Bugun Ikko ne, kwalinsa siriri, hoton mutum huɗu baƙaƙen Amurka ya ɗan koɗe. Oga ya ɗora. Shi ne. Zauren nan da buzun nan duk suka dawo.

Ban ko ci abinci ba na ɗauki kayana na nufi gidan Kawu. A lokacin ya ajiye tuƙi, kuma kunnensa na hagu ya riga ya tafi, shekara talatin na ƙarar inji. Da na dama yake ji, sai ya karkato kai. Na ɗora, ya saurara har ƙarshe, ni kuma ina ta washe baki ina jiran albarka.

Ya ce, "Kiɗan ne. Amma ba shi ba ne."

"Kawu, shi ne mana."

"Ina takun?"

"Wane taku?"

Ya ce a nasa, kafin kowa ya busa ko ya kaɗa, akwai wanda yake buga ƙafa a daɓen katako sau huɗu, yana ba su lokaci. Sannan in mai fiyano ya shiga nasa wurin, yana gunaguni a ƙasa-ƙasa kamar mai jan carbi. A wannan babu ko ɗaya.

Inna tana bakin ƙofar cikin gida, ta ce, "Taku a faifai, Malam? Saura ka ce ka ga takalminsa."

Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Amma ta fita waje. Majalisarsu ta bakin masallaci ta samu abin yi. Kawu na isowa sai mai goro ya ɗaga murya, "Direba, yau an yi takun kuwa?" Wani ya ce ai kunne in ya mutu sai ya fara jin abin da babu. Wasa ne, tsofaffin abokai ne, amma na ga yadda abin yake cinsa. Mutum ne da duk tashar nan ta yarda da kunnensa. Mota tana shigowa daga nesa zai ce ta wane ce kuma ga abin da ke damunta. Yanzu an mai da shi mai rikicin tsufa. Ya fara rage zuwa majalisar.

Ni kaina, gaskiya, ban tuna wani taku ba. Ina yaro, kiɗan kawai na riƙe. Amma na ce bari in nema.

Na biyun a gwanjon kayan wani Bature na same shi a Kano, cikin kwali ɗaya da littattafai da tsofaffin takalma. Bugun Ingila. Ranar ce na fara gane abin da nake faɗa muku. Tun a hannu za ka ji bambanci. Na Ikko shafal yake, in ka riƙe gefe yana lanƙwasa, na Ingila kuwa da nauyinsa, baƙi wuluk yana sheƙi. Na Ikko yana da ƙara, ƙahon yana gaba yana yi maka magana a fuska kamar ɗan kamasho, kuma akwai wani shuu a bayansa kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, a na Ikko kusan babu shi. A na Ingila sai ga shi ya fito, yana tafiya a ƙasan kowa a natse kamar raƙumi a bayan ayari. Komai tsaf, kowa a wurinsa. Na yi mako guda ina ɗora wannan in cire in ɗora wancan, har batir ya ƙare min sau biyu.

Kuma a na Ingila, da na manna kunne a lasifika, na ji gunagunin. Can ƙasa, kaɗan, amma yana nan. Mai fiyano yana yi wa kansa waƙa a maƙogwaro.

Taku kuwa babu. Allura na sauka sai ƙaho.

Na kai wa Kawu. Gunagunin bai kai kunnensa ba, sai ni na rantse masa na ji. Ya ce, "To rabi ke nan." Majalisa ta ce ai ɗan ƙanwa ba ya shaida.

Oga ne ya warware min. Ya karkata faifan a hasken ƙofa ya nuna min wasu ƙananan lambobi da aka karce kusa da takardar tsakiya, wurin da babu kiɗa. Na Ikko daban, na Ingila daban. Ya ce kowace ƙasa ana aika mata kiɗan ne a tef, ita za ta sassaƙa nata uwar faifan da za ta riƙa bugawa da ita. Mai sassaƙar wani wuri ya ƙara ƙara, na wani wuri ya rage, wani kuma ya ga ɗan abin da ke farko ba kiɗa ba ne ya datse shi.

Sai ya ce, "Tsaya. Wa ya ba kawunka nasa?"

"Bafaranshe, a Damagaram."

"To me kake nema a Kano, Ticha?"

Wata shida ina kallon kudu, alhali abin yana arewa.

Da na je yi wa Inna bayani, ta ja ni gefe ta daina wasa. Ta ce, "In za ka kawo ka kawo da wuri. Kunnen daman ma ya fara bin ɗan'uwansa. Jiya sau uku na kira shi yana zaune ga shi ga ni."

Ana ba da hutun bazara na fara zaryar Babura ranar kasuwa. Mutanen Nijar suna tsallakowa sayen batir da yadi da kananzir. Ina yawo da kwalin na Ingila a hammata ina nuna wa duk wanda na ji yana lissafi da sefa. Masu shanu suka ɗauka hoton ɓatattun 'yan'uwana ne, wani har ya yi min jaje. Zuwa na huɗu aka haɗa ni da wani malamin makaranta daga Magarya, lakwal suke cewa su. Ya karanta bayan kwalin, ya ce yana da shi a cikin tarkacen da wani Bafaranshe ya bar masa, sai dai nasa babu hoto, zane ne. Shi ba ya ma sauraronsa, kiɗan rawa na Ikko yake so. Muka shirya musaya, in ba shi faifai uku na rawa ya ba ni ɗaya, kowa na ganin shi ya ci riba.

Kasuwa ta gaba ya kawo. Babu abin gwadawa a wurin. Na karkata shi a rana na ga lambobin tsakiya ba irin na sauran biyun ba ne, na mayar da shi kwali, na naɗe cikin dardumata, na ɗaure a bayan babur.

To ga inda na yi wautar. Ta Achilafiya na biyo, kuma Gwaggo, yayar mahaifina, a can take aure. Ba yadda za a yi in ratsa garin da sabon babur ban tsaya ba, kafin in iso Kazaure labari ya riga ni. Na san faifai ba ya son rana, wannan ko yaro ya sani. Na zaɓi inuwar darbejiyar ƙofar gidan mai kauri, na kafe babur a tsakiyarta, na ce ruwa kawai zan sha.

Gwaggo ta ce, "Ruwa? A gidan ubanka?"

Aka dama fura. Ina shanyewa aka kira azahar. Muna dawowa aka ce dambu ya kusa sauka, kuma maigidan ya je gona duba shinge, ba zan tafi ban gaishe shi ba. Ya dawo muka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har awaki. Sannan Gwaggo ta ce akwai maƙwabciyarta da ta yi goyona ina jariri, in ba a kai ni ba za ta yi fushi. Duk wannan zaman hankalina kwance, ai a inuwa na ajiye. Na manta inuwa tafiya take yi.

Da na fito gab da la'asar, inuwar ta koma ɗaya gefen bishiyar, babur yana tsaye tsirara a rana. Sirdin ba ya taɓuwa. Na kwance dardumar, na zaro faifan. Gefe ɗaya ya tashi ya lanƙwashe kamar bakin tsohuwar malafa.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Murfin tukunya ka sayo wa uwarka? Ai an cuce ka, a karkace yake."

Ban iya dariya ba. Ban tuna yadda na iso Kazaure ba.

Oga ya daɗe yana kallonsa, ya yi wata magana da yarensu da ban nemi fassara ba. Sannan ya ce akwai dabara, amma ba alkawari. Muka aro gilashi biyu masu faɗi a wurin mai hoto, irin na manyan hotunan bango. Muka sa faifan a tsakani, muka ajiye a ranar safe, tsawon shan kofin shayi ɗaya, Oga yana taɓa gilashin da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi. Da ya yi ɗumi muka ɗauke shi a haka cak muka shiga ɗakin mahaifiyata, muka kwantar a daɓe, muka ɗora buhun gero. Ya ce kada a taɓa sai bayan kwana goma. Mahaifiyata ta ce to da me za a yi tuwo, na ce a fara cin dawa.

A kwanakin nan nake zuwa gaida Kawu ina ce masa mutumin Magarya bai kawo ba tukuna. Rana ta uku ya dube ni ya ce, "An ce an gan ka a Achilafiya da kaya a darduma."

Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya, sai da na maimaita da ƙarfi, wanda ya fi komai ciwo. Ya ce, "Ni na taɓa barin ganga biyu ta man gyaɗa a rana a Daura, kuma ba tawa ba ce. Je ka duba buhunka."

Bayan kwana goma ya miƙe, amma da saura. Muka sake, wasu kwana goman. Karo na biyu ya kwanta sosai, sai ɗan tudu guda a can bakin gefe. Da na ɗora, allura na zuwa tudun sai ta yi tsalle ta dira a tsakiyar busar ƙaho. Kuma kun san faifai daga bakin gefe yake farawa. Wato in ma akwai takun, to a kan tudun nan yake zaune.

Oga ya ce a ɗora kwabo a kan hannun allurar, nauyin zai danne ta ta hau tudun. Amma ya gargaɗe ni, kowane hawa da kwabo yana cin wurin, ba zai jure da yawa ba. Ya ce mu gwada sau ɗaya mu gani. Na ce a'a, in sau ɗaya ne ya rage a ciki, ba ni zan cinye shi ba. Haka na tafi gidan Kawu ban san ko akwai ko babu ba.

Ranar Asabar ce da hantsi. Ban gayyaci kowa ba, amma mai goro da wani abokinsu tela sun ga na wuce da lasifika a bayan babur, suka biyo ni. Inna ta tsaya a wurinta na bakin ƙofa. Na sa sabon batir, na ɗora tsohon kwabo mai huji a kan hannun allura, na sauke ta a hankali.

Shuu. Allurar ta hau tudun kamar mota mai lodi, ta yi ɗan rawa, ta gangaro.

Dum. Dum. Dum. Dum. Sai ƙaho.

Ƙafa ce a kan katako, ba ko shakka, har da ɗan kukan daɓen. Tela ya buɗe baki. Mai goro ya daina tauna. Na juya wajen Kawu, sai na ga ba faifan yake kallo ba, fuskokinmu yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "An fara?"

Na ɗaga allura, na murɗa ƙarar har ƙarshe, na matso da lasifikar dab da kunnensa na dama, na sake. Ya karkato kai, ya runtse ido. Da ƙaho ya shigo ya ji, amma abin da ya gabace shi bai kai gare shi ba. Ya girgiza kai.

Mai goro ya ce da ƙarfi, "Direba, akwai. Wallahi akwai, huɗu, mun ji."

Kawu ya ce, "Ku kuka ji."

Ya dubi lasifikar. Sannan ya ce da Inna, "Akwatin kayan aikina yana ƙarƙashin gado. Ɗauko min sukundireba, dogon, mai ƙotar katako."

Ban gane ba sai da na ga ya yi. Ashe haka tsofaffin direbobi suke sauraron cikin inji: a dafa bakin sukundireba a jikin ƙarfen, a danna ƙotar a ƙashin bayan kunne, ƙarar ta bi ƙarfe ta shiga ƙashi ba sai ta bi ta ramin kunne ba. Kawu ya durƙusa, ya kafa bakin a katakon lasifikar, ya danna ƙotar a bayan kunnensa, ya ce, "Tayar."

Na sauke allura karo na uku. Ta hau, ta gangaro. Ina kallon ɗaya hannun nasa a kan gwiwa. Yatsa ɗaya ya sauka, na biyu, na uku, na huɗu, daidai da kowane taku.

Bai ɗago ba. A haka ya zauna a durƙushe har gefen ya ƙare, kusan minti ashirin, mu kuma ba mai motsi. Ni ma ranar na fara jin bugun Faransa sosai. Bai kai na Ingila tsafta ba, yana da ɗan ƙaiƙayi, amma ɗakin da suka yi kiɗan kansa kake ji, kujera tana motsi, mai ganga yana gyara zama, gunagunin mai fiyano kuwa ɓaro-ɓaro kamar yana kusa da kai a sahu.

Da allura ta kai tsakiya Kawu ya sauke sukundireban, ƙotar ta bar masa shaida a bayan kunne. Inna ta ce, "To an ji. Mutum ya buga ƙafa sai ka ce daka."

Bai ji ta ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ni ya duba ya ce, "Cire kwabon nan, yana cin faifan. Kuma akwatinka yana ɗan gudu, nawa bai kai haka sauri ba. Ka kai wa ɗan kudun nan ya duba."

Na kai, kuma haka ne, yana ɗan gudu. Da la'asar ranar Kawu ya riga kowa zuwa majalisa.

Yau shekara huɗu ke nan da yin wannan. Damina ta gaba kunnen daman ya ƙarasa tafiya, yanzu ko da ƙarfen ba ya jin komai, da hannu muke magana. Bakin faifan ya yi fari a wurin tudun, takun farko ya kusa shafewa, shi ya sa na daina hawa wurin, daga ƙaho nake farawa. Oga ya ɗaukar min a kaset don ajiya, amma a kaset sai ka ji kamar an rufe ƙofa a gida na uku. Kaset ɗin ma shi ya cinye kasuwar, yanzu shagon Oga babu faifai ko ɗaya a rataye, abokaina duk sun kai nasu akwatunan ɗakin tarkace. Ni kuwa ina nan ina bin gwanjo, faya-fayaina sun haura arba'in, kuma duk wanda ya shigo hannuna sai na fara karkata shi a haske na duba lambobin tsakiya.

Abin da ban taɓa riƙewa ba shi ne bugun Amurka, na asalin. An ce ya fi duka kauri. In akwai mai shi a cikinku, ko wanda babansa ya bari a saman sif, don Allah ya ɗora ya saurari farkon, ya faɗa min ko takun yana nan, kuma huɗu ne ko akwai abin da Faransawan ma suka datse. Wanda kuma rana ta taɓa lanƙwasa masa faifai, da me ya miƙar da nasa? Wani malami a Roni ya ce min shi ƙarƙashin katifa ya sa ya yi wata yana kwana a kai, ban yarda ba, amma ina so in ji naku.